Ranar da Baba Ya Faɗi Sunan Kulu

Da kakar bana shekara goma sha biyu ke nan da anka rataye Labbo a gidan yarin Sakkwato saboda ya kashe matarsa, yayata Kulu. Ni manomi ne a Marnona, ƙasar Wurno. Ban daɗe da iya haɗa baƙaƙen boko ba, a ajin yaƙi da jahilci na koya, da furfura a gemuna. Masu karatu su yi haƙuri da ni. Na fi son abin da zan fara aika wa jarida ya zama nata.

Kulu ita ce ɗiyar fari a gidanmu, kuma kowa ya san yadda muke yi da ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunanta ba. Ba ya zama inda take zaune, in yana da saƙo sai ya dube ni ya ce, "Gaya ma waccan." Inna ma haka. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma da ita ake yabon mutum a wajenmu. Ai na sha ganin Baba ya ware albasa mafi kyau a gefe, ya bar ta inda Kulu za ta gani, ya yi kamar mantuwa ya yi.

An kai ta aure Kagara, ƙasar Goronyo. Labbo mutum ne mai fara'a a lokacin, mai son waƙa in yana noma. Ya tafi aikin soja, ya dawo da kwat mai kauri da wani iri ƙulle a tsumma. Ya shuka shi cikin rama a fadama, don ganyen sun yi kama, mai wucewa ba ya bambancewa. A lokacin ba mu ma san sunan wiwi ba, tabar Labbo kawai muke cewa. Daga baya ta daina isarsa, ya fara haɗa ta da 'ya'yan zaƙami masu juyar da hankali.

Ba sau ɗaya Kulu ta yi yaji ba. Duk zuwan da take yi, ɗakin Goggo take sauka, ƙanwar Baba, don ita ce wadda al'ada ta ba damar ta zaunar da ita ta ji ƙorafinta, sannan ta je ta tsare Baba da magana. A shekarar da abin ya faru Goggo ta riga ta rasu. Kulu ta zo da hannu naɗe a zane, gida cike da mutane, amma babu wanda aikinsa ne ya tambaye ta.

Da dangin Labbo sunka zo biko da ƙwaryar goro, Baba ya karɓe su a zaure da mutunci. Ya ce, "Ku tahi da ita. Ni ba ni da ta cewa ga wagga magana." Kulu tana bayan zana, ta ɗaga murya, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Baba, in na koma ba ni dawowa." Duk mun ji, har baƙin sun ji. Baba ya dubi ƙasa, ya ce a ɗaura wa jaki kaya. Inna ta sa mata daddawa a kwando. Mu maza munka raka ta har bakin gulbi, muna yi mata nasihar haƙuri.

Da rana tsaka abin ya faru, ranar kasuwar Goronyo, unguwa ta watse. Maƙwabtan da sunka rage sun ce Labbo ya shigo yana cewa ɗakin cike yake da mutane masu son kama shi. Taɓarya ce a kusa. Da ya farfaɗo a ɗaure, abin da ya fara cewa shi ne a gaya wa Kulu ta kawo masa ruwa.

A Sakkwato alƙali ya kira Baba, tun da shi ne waliyyin jini. Ya ce, "Wa anka kashe maka?" Baba ya ce, "Ɗiyata." Alƙali ya ce, "Mi ne sunanta?" Malamin kotu ya tsaya da alƙalami a hannu yana jira. Ina tsaye bayan Baba. Can ya ce, "Hauwa'u. Kulu aka ce mata." Wannan ne karo na farko da na ji sunan a bakinsa, a gaban dogarai da baƙi, ita kuwa tana cikin ƙasa.

Sai anka tambaye shi ko ya yafe ko ƙisasi yake so. Ya ce ƙisasi, mu ma munka ce haka. Magana ta tafi wurin Razdan, Baturen lardi, ta wuce wurin Gwamna, ta dawo da tabbaci. Ba na cewa an zalunci Labbo, shi ya ɗaga taɓaryar. Amma mun dawo gida ba mu ji sauƙin komi ba. Shari'a ta tambayi wanda ya buga, ba ta tambayi waɗanda sunka ɗaura wa jaki kaya ba. Baba bai ƙara cin goro ba har ya koma ga Allah.

Nakan tambayi kaina abin da Kulu za ta ce da ta ga yau. Mota na bin hanyar Wurno, tafiyar da ta yi a ƙafa, hannunta a karye, yanzu ba komi ba ce. Har mata an buɗe wa aji a wasu garuruwa, kuma na san da ita ce ta fara zuwa, don tana da kai. Amma da ta ga tabar Labbo ba a ɓoye ta cikin rama kuma, a tasha yara ke miƙa wa juna. Biko kuwa yana nan yadda ta bar shi, da goronsa da sunkuyar da kansa.

Ina da ɗiyar fari, sunan Kulu na sa mata tun Kulu na da rai, kuma ni ma ban taɓa kiranta da shi ba. Cikin watan nan ta dawo daga Rabah da leɓe a kumbure. Mijinta ɗan kamasho ne a tasha. Danginsa sun zo da ƙwaryar goro, na shimfiɗa masu tabarma a zaure, na ji bakina yana shirin faɗar abin da Baba ya faɗa.

Na tashi na bar su, na shiga cikin gida. Na ce, "Kulu." Matata ta saki muciya. Yarinyar ta waiga bayanta, tana neman wadda nake kira. Na ce, "Ke nika kira. Zo zamna nan ki gaya man mi af faru."

Ta gaya mini. Na koma zaure na mayar masu da goronsu. Yanzu a gari ana cewa boko ya cire mini kunya. Wataƙila haka ne. Yayata ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gona ba, sunanta kawai ta bari, kuma yanzu kullum ana jin sa a gidana.