Duwatsun da Na Kwasa a Bayan Tsamiya

Shekarun baya, farkon zuwana Doha, ina zaune wajen ɗana likita a unguwar da ake kira Matar Ƙadim, sai ya shigo mini da baƙuwa. Baturiya ce, abokiyar aikinsa, kanta duk furfura. Na kalle ta sama da ƙasa, don ni ba na sakin fuska haka kawai.

"Hajiya, Bayahudiya ce," in ji shi. "Tun da ta ji sunan garinmu ta hana ni sakat. Wai kakanta ya yi cinikin gyaɗa a can, kuma can aka binne shi, kabarin take nema. Na ce mata mu ba mu taɓa yin Yahudawa ba."

Na ce, "Kai da wa? Yaushe aka haife ka?"

Ya ce ai ya duba taswira a waya, babu. Na ce to wayar ta girme ni ne?

Ban yi boko ba, amma abin da na sha murɗar kunne a kansa ba ya ɓace mini. Muna yara akwai wasu 'yan gidaje na fararen fata kusa da tashar jirgin ƙasa, mutane na haɗa su da Kwara, Larabawan nan masu kantuna. Mahaifiyata, da ke kai musu nono, ta ce ba ɗaya ba ne, waɗannan ranar Asabar ba sa buɗe kanti, ko wuta ba sa hurawa. Maƙabartarsu na bayan wata tsamiya, kowane kabari da 'yan duwatsu a kai. Ni uwar wayo na ga duwatsu sumul, na kwashe a bakin zane muka yi carabke. Da kunne mahaifiyata ta ja ni har wurin.

"Ja'ira, wannan gaisuwarsu ce ga mamatansu! Mayar, ɗaya bayan ɗaya."

Ina ba da labarin ɗana na fassarawa, matar ta dafe baki.

Nan take na sa aka kira ƙanena da ke gida ta bidiyo, na aike shi. Ashe wurin ya zama garejin makanikai.

"Yaya, babu komai nan sai baƙin mai. Tsamiyar ma an sare."

"Ita ta tafi, kututturen ma ya bi ta? Buɗe idonka!"

Ya samo shi. Na ce ya ba shi baya, ya fuskanci layin dogo, ya taka har inda ƙasa ta yi tudu. Ɗana na cewa, "Hajiya, khalas, ya isa haka, kada mu sa mata rai." Ko kallonsa ban yi ba.

A kan tudun akwai wani faffaɗan dutse da mai faci ke dukan taya a kai. Ƙanena ya roƙe shi, suka wanke. Rubutu ya fito, rabi ya goge. Matar ta kai wayar dab da idonta, ta karanta sunan gidansu, ta zauna a ƙasa kan dardumata.

Da ta natsu, abu ɗaya ta roƙa: a ɗora mata ɗan dutse a kai. Na ce wa ƙanena ya ɗora biyu. Ɗana ya tambaye ni na biyun na waye.

Na ce, "Nawa ne. Ranar nan ban mayar duka ba, na ɓoye ɗaya a baki."

Addininsu nasu, nawa nawa. Amma mutum ya ci arzikin ƙasar garinku, ya kwanta a cikinta, sannan jikokinku su ce ba a taɓa yin sa ba? Wannan ba da ni ba. Har yau in ɗana ya ɗaga waya zai yi mini gardamar tarihi, cewa nake ya tambaye ta inda tsamiyar take.