Giɓin da ke bangon Hamma Sali

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Hamma Sali Dalma a unguwar Majidaɗi ta Jalingo ya san sai ya yi haƙuri. Ka miƙa masa hannu, shi kuwa sai ya shiga neman inda zai ajiye dutsen da ke tafinsa. Aljihun dama a cike, na hagu a cike. Daga ƙarshe ya ɗora maka shi a hannu ya ce, "Riƙe mini. Jam na?" Kafin ka amsa wannan gaisuwar ta Fulatanci ya ƙara da, "Ka ji nauyi?" Telan unguwa ya gaji da ɗinke masa aljihu, har ya koma yi masa da ƙyallen tamfol.

Ni na fi kowa shan wannan gaisuwa, don ni Babarbare ne, shi Bafulatani, kun dai san wasan da ke tsakaninmu. Na ƙarar da ƙarfina a bakin sitiyarin babbar mota, daga Garwa zuwa Njamena, daga Kumasi zuwa Agadas. Na ga masu wankin kuza a Jos, na ga masu neman zinare a Gana. Kowannensu in ya fito daga rami, wanka yake ya manta da shi. Hamma Sali kaɗai na sani da ya fito ya taho gida da ramin.

Da ƙuruciyarsa ya yi aiki a wani ramin haƙar dalma da tutiya can kudu, kusa da Binuwai. Aikinsa tsintar dutse, ya ware mai ƙarfe daga marar amfani. Da masu ramin suka tattara suka tafi, injin jan ruwa ya tsaya, ruwa ya cika wurin har baki. Shi kuwa ya dawo Jalingo da buhuna. Matarsa ta rasu ba su haihu ba, sai ya zauna a ɗaki guda a gidan marigayi wansa, ya kafa katakai a bango hawa-hawa, ya jera duwatsun yadda suke a ƙarƙashin ƙasa. Can sama jar ƙasa mai tsatsa. Ƙasa da ita baƙin dutse mai ɓarewa falle-falle, wanda ya ce laka ce ta daskare. Sai farin dutse mai ƙyalli da ke raka jijiyar ƙarfe. Sai tozali, uwar dalma. Can ƙasa kusa da daɓe, dutsen tutiya mai launin mazarƙwaila.

"Wancan ramin ruwa ya ci," in ji shi. "Wannan ne ya rage. Ranar da na mutu, Babarbare, kwata za a cike da su."

Kullum sai ya faɗi haka, kullum sai in ce, "To ai kwatar ta samu ilimi."

Babbar rigimarmu a kan teku ce. Yana da wata katantanwa ta dutse, a naɗe kamar gammo, da ya ciro a cikin baƙin dutsen nan. Ya rantse duk kwarin Binuwai teku ne a da, kuma ruwan zafi ne ya taso ta tsagar ƙasa ya bar dalma da tutiya a ciki.

Na ce, "Hamma, ni na ga teku a Duwala, na gan ta a Jidda. Kai iyakarka ina?"

"Kai ka ga samanta," ya ce. "Ni na shiga ƙarƙashinta da fitila. Kuma ban yi amai ba, kai an ce ka yi."

Wallahi na yi, a jirgin ruwa, kuma ni da bakina na ba shi labari.

Ba a haƙa rijiya a Yelwa ko Kona bai je ba. Wannan da sauƙi. Abin da ya dami mutane jana'iza. Ana tsaye ana jimami, shi yana duƙe a bakin kabari yana murza ƙasa da yatsu. Ran nan liman ya kasa daurewa, ya ce, "Malam Sali, mamacin za ka yi wa addu'a ko ramin?"

"Na yi masa, Allah gafarta Malam. Amma duba fa, tsakuwa ce zalla, ruɓaɓɓen dutse. Ƙasar Jalingo ba ta da komai a ciki sai mu."

Baƙo kuwa in ya shiga ɗakinsa, kafin ruwan sha sai ya kankare dutsen tutiya da ƙusa ya kai masa hanci. Wari ne kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. In ka yamutsa fuska sai ya yi murna, ya ce, "Yawwa, na gaske ne!" Da haka baƙi suka ragu. Tsofaffin abokan aikinsa suka bi juna ɗaya bayan ɗaya. Aka wayi gari ni kaɗai nake zuwa bayan la'asar, in zauna in ji karatun da na haddace tuntuni.

Sai maganar tozali. A cikin duk abin da ya mallaka babu kamar wani curi guda, mai kusurwa huɗu cif kamar da wuƙa aka yanka, yana sheƙi kamar sabuwar kwalla, ga nauyi. Ya je garin Mutum Biyu gaisuwar rasuwa, a makon kuma ana bikin 'yar maƙwabta. Dija, 'yar wansa da ke dafa masa abinci, ta shiga shara ta ga tozali mai kyau haka yana zaune ba aikin fari. Wace mace ce za ta gani ta ƙyale? Ta ɗauka, aka daka, aka niƙa, aka raba wa mata kwalli.

Da ya dawo ya ga giɓi a katako, bai yi ihu ba. Ya fito ƙofar gida ya zauna, mata na wucewa zuwa gidan biki, yana bin idanunsu da kallo.

Dija ta durƙusa. "Bappa, na ɗauka na kwalli ne."

"Na kwalli! Gaba nawa na sauka a ƙasa kafin in same shi! Kuma ban gaya miki dalma guba ce ba? Je ki ce su wanke."

Ya juyo gare ni. "Babarbare, ka ga hawa na huɗu yana yawo a idon matan Majidaɗi."

Na yi dariya har da hawaye. Shi bai yi ba. Na kawo masa wani tozalin daga kasuwa, ya juya shi ya miƙo mini, ya ce wannan bai san daga inda ya fito ba. Giɓin nan haka ya bar shi, yana share masa ƙura kamar sauran.

Da ya rasu a daminar bara, muna maƙabarta na tsinci kaina ina leƙa ramin. Tsakuwa ce zalla, kamar yadda ya ce.

Bayan sadakar bakwai magada suka ce suna son ɗakin, za a sa ɗan haya. Na iske an jingine baro a ƙofa, ga kuma kwatar gidan ruwa ya zaizaye ta. Na ce su dakata. Na sa kafinta ya kafa katakai a zaurena, na riƙa kwasowa da kwano, hawa ɗaya in an gama sannan na gaba. Ashe duk shekarun nan da nake masa tsiya, jerin ya zauna mini a kai. Da na zo hawa na huɗu na bar giɓin a inda yake.

Ina cikin haka Dija ta yi sallama. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan tandu, ta ce, "Baba Alhaji, ragowar ce. Tun ranar ban ƙara sawa ba, kuma kunya ta hana ni mayar masa." Ta ajiye shi a giɓin da hannunta, ta fita ba ta waiwayo ba.

Yanzu bayan la'asar ni nake zama a gaban bangon. Babu mai cewa in ji nauyi. Wani lokaci nakan kankare dutsen tutiya in shinshina, in yamutsa fuska, ba kowa a zauren.

Allah Ya jiƙan Hamma Sali, Ya sa ƙasar da ya raina ta yi masa sauƙi, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya haskaka shi. Mu da muka rage, Allah Ya ba mu mai zama ya saurare mu.