Ranar da Aka Zo Ta'aziyyar Baba Yana Ɓarar Gyaɗa

Shekarun baya, da gwiwar mahaifina ta fara damunsa, na matsa masa sai ya sauya bankin da ake tura masa fansho. Tsohon malamin gona ne, asusunsa kuma yana can birnin Kano tun zamanin aiki. Duk ƙarshen wata sai ya hau mashin zuwa Ɗanbatta, ya matsu a mota, ya dawo yamma lis yana ɗingishi.

Na ce, "Baba, a maida shi bankin kusa mana. Waya ta yi ƙara, ka aika a karɓo maka."

Ya ce, "To, ɗan boko. Yadda ka gani."

A ofishin fansho na'ura ta ƙi karɓar yatsansa, fartanya ta cinye zanen. Sai da ma'aikaciyar ta shafa masa man hannunta sannan ta karɓa, ya fito yana sunsuna yatsa yana dariya. Don in cika gwaninta har sabon layin waya na saya masa, muka yar da tsohon.

Wata na ƙarewa saƙon kuɗi ya shigo. Ina ta hura hanci, sai na ga Baba ya sa babbar riga da hula, ya zauna a ƙofar gida har azahar bai je ko'ina ba. Mahaifiyata ta ja ni gefe ta ce, "Kana zaton don kuɗin kawai yake zuwa? A layin bankin nan yake haɗuwa da abokan aikinsa."

Bayan kaka, wata Asabar, mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Tsofaffi suka firfito da carbi a hannu, fuska ba walwala. Na gabansu ya kama hannuna ya fara, "Ya haƙuri, yaro? Sai yanzu muka..." Sai ya hango Baba a kan tabarma yana ɓarar gyaɗa.

"La'ilaha illallahu! Malam, ashe kana nan?"

"Ina za ni?"

"Ba ka a layi, wayarka a kashe. Mu a wurinmu ai magana ta ƙare!"

Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce tunda sun zo, su zauna su yi masa addu'ar yana ji da kunnensa. Mahaifiyata ta sa aka yanka zabi, ta dama fura. Sai bayan la'asar suka tafi, kowa na ja mini kunne.

Tun daga nan suka maida haɗuwar gida-gida, wata-wata, ni ne kuma direbansu ba albashi. Har yau in na ɗauko su suna musu a baya kan wa ya fi wa tsufa, ina jin daɗin da ban san yadda zan faɗa ba. Yanzu kafin in sauƙaƙa wa dattijo wata wahala, sai na fara tambayarsa ko yana son rabuwa da ita.