Kariyar da Na Sa Aka Ɗaura

Likita ne ya ce wa maigidana ciwon sukari ya kama shi, kuma zaman shagon yadi tun safe har la'asar ba zai bar shi lafiya ba, sai ya riƙa motsa jiki. Ni na zaci tattaki zai fara kamar sauran dattawan unguwarmu. Ina! Mutumin da furfura ta gama cinye wa gemu sai ya ce shi keke zai saya, kuma ba irin na kowa ba, irin na 'yan tsere.

Wani abokinsa mai shigo da kekunan gwanjo ta iyakar Kongolam ya aiko masa guda biyu ya zaɓa. Wai duka ba ƙarfe ba ne, wani abu ne marar nauyi da ake kira kabon. Malam, maigidan nawa, ya turo su har tsakar gida don in gani. Ɗaya ja ne, siriri, tsirara, babu ko wurin rataya leda. Ɗayan ruwan toka, yana da 'yan ramukan noti da za a iya ɗaura masa marfin taya mai tare taɓo, da kariyar ɗaukar kaya a baya.

Malam ya sa yatsu biyu ya ɗaga jan sama, yana dariya kamar yaron da aka ɗinka wa kayan Sallah.

"Ɗaga ki ji, Hajiya," in ji shi.

"Ba na ɗagawa," na ce. "Malam, wannan keke ne ko kara? Ina za a ɗaura kaya? In aka yi ruwan sama taɓo ya yi maka zane a bayan riga, wa zai yi wankin?"

"Ai ba don kaya nake so ba. So nake in fita haka kawai. Wata rana in buga har Dutsi in dawo, daga ni sai gorar ruwa."

Dutsi can aka haife shi. Amma "haka kawai" ɗin nan ta ba ni dariya, don ban taɓa jin magidanci a Daura ya fita haka kawai ba. Na yi ta tsokanarsa har ya gaji. Ya shafa sirdin jan, ya mayar da shi zaure, ya ɗauki ruwan tokan. Washegari mai gyaran keke ya ɗaura masa marfin taya da kariya, har da robar ɗaure kaya.

Makon farko ya ji daɗinsa. Da ya dawo daga masallaci da asuba sai ya kama hanyar Sandamu, ya dawo jiƙe da zufa yana ba ni labarin yadda gero ya yi kai a gonakin bakin titi. Ni ce na fara ɓata lamarin, na ce tunda zai wuce ta wajen masu nono, ya riƙo mana kaɗan. Maƙwabciyata ta ga kwanon a bayan keke, ta aiko da nata sautun na daddawa. Ƙanwarsa ta ji, ta ce ƙwan zabi take so. Kafin damina ta ɗauke, wayarsa ba ta hutawa tun daga magariba, kowa da abin da za a riƙo masa. Malam kuwa ba ya iya cewa a'a, kuma a garinmu mai kariya a bayan keke ba shi da hujjar ƙin sautu.

Sai ya zama keken tseren nan yana dawowa a hankali, ana lallaɓa shi saboda ƙwai, wani lokaci har da kaza tana leƙe daga cikin buhu. Wata rana yana kwance kaya ya ce, "Da jan nan na ɗauka, da babu mai aike na."

"Da kuma babu mai ganin amfaninka," na ce. Wasa nake yi, shi ma ya yi dariya, amma maganar tana ci na har yau.

Zuwa Dutsi kuwa, duk ranar da ya sa sai labari ya fita, dangi su taru da saƙonnin da za a kai, atamfa da sabulu da magani, har kayan su fi ƙarfin kariyar. Sai ya haƙura ya bi mota. Ya kan ce ba komai, akwai wata rana.

Wata ranar ba ta zo ba. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, ya ɗauke masa hannu da ƙafar dama. Keken ya zauna a zaure yana tara ƙura, ni kuma duk lokacin da na wuce na ga kariyar nan sai in tuna ni na sa aka ɗaura ta.

Wata safiya na aro sufanar kwance noti, na zauna na kwance kariyar da kaina, na cire marfin tayoyin ma. Na tura keken gaban kujerarsa. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙa hannun hagu ya ɗaga shi daga ƙasa.

"Ashe shi ma ba shi da nauyi," in ji shi, maganar tana fita da ƙyar. Ya ajiye. "Mayar da na taɓon, Hajiya. A kan wannan ke ce da gaskiya."

Na mayar, ina ɗaure notin hawaye na zuba, don ni da shi duk mun san taɓon hanya ba zai sake samun rigarsa ba.