Shanun da suka fito a bangon aji

A shekarar da ruwa ya ɗauke bayan gero ya kai gwiwa, ina aji biyu a jami'a a Sakkwato, wani kamfanin manhaja ya zaɓe ni jakadansa cikin ɗalibai. Aikin ba wuya: in tara 'yan makaranta, in nuna musu yadda ake amfani da manhajojin kamfanin, in raba riguna da huluna masu tambari. Suka ba ni majigi a 'yar jaka. Na yi ta taro a ɗakunan karatu har na saba, na san inda za ni yi barkwanci a yi dariya, na san inda za a tafa.

Da aka yi hutu na ce sai na kai abin gida. Mu mutanen garin Isa ne. Na tarar babana ya sake shuka bayan ta farko ta ƙone, ta biyun ma ta bi ta. Tun daga Kamarawa har Turba ganyen gero ya nannaɗe, ya yi ruwan toka. Mutane sun daina duban sama, sun gaji.

Shugaban wata sakandare a Sabon Birni ya yarda ya ba ni babban aji da hantsi. Muka toshe tagogi da tabarmi, aka tada janareta, na haska majigi a bango. Na nuna musu manhajar rubutu da ta lissafi, suna ta fifita da littattafai. Da na ga zafi na neman cinye taron, sai na buɗe taswirar tauraron ɗan'adam, domin ita ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Na janyo Sabon Birni kusa. Aji ya kaure da ihu.

"Ga kasuwa!"

"Ga masallacin Juma'a!"

Sannu a hankali ihun ya mutu. Garin da ke bango kore ne shar, gulbi cike, fadama ta yi duhu don albarka. Hoton wata damina ce da ta wuce. Ni kaina ban lura ba sai da na ji shirun.

A bayan aji akwai wani malami ɗan koyon aiki, Bafillace, tsarana ne, dogo, mai sanyin magana. Ya miƙe ya ce, "Malam, abin ga na iya zuwa Burkusuma?"

Na ce yana iyawa. Ya tako gaba yana nuna mini hanya da yatsa. "Yi arewa. Ƙara kaɗan. Tsaya, tsaya nan."

Wasu 'yan da'irori ne a gefen wani babban gawo, ga tabki kusa da su, ga fararen ɗigo-ɗigo sun bazu a cikin ciyawa.

"Rugarmu ce," in ji shi. "Waɗanga shanunmu ne."

Ya ɗora tafin hannunsa a bango, hasken ya hau hannun, shanun suka koma bisa yatsunsa. Ya daɗe a haka. Na fara yi masa bayanin cewa tsohon hoto ne, ya ce, "Na sani, Malam," bai juyo ba.

Bayan taro muka zauna a inuwar ofis ya ba ni labari. Da tabkin ya ƙafe, shanu suka fara faɗuwa. Mahaifinsa da yayyensa suka kora abin da ya rage suka yi kudu, aka bar mahaifiyarsa wurin dangi a cikin gari. Da farko suna kira daga kasuwanni. Daga baya wayar ta daina shiga.

Washegari da la'asar ya zo masaukina tare da mahaifiyar tasa. Tsohuwa ce siririya, da zane baƙi. Na shimfiɗa mata tabarma, na ajiye kwamfuta a gabanta da hoton rugar a buɗe. Ba ta taɓa ta ba. Ta sunkuya tana kallo, tana motsa leɓe, ta nuna wata da'ira ta ce ɗakinta ne, a nan ta haife shi. Can ta ɗago.

"Ɗana, wanda ya ɗauki hoton nan, sama yake?"

"Sama yake, Inna."

"To ka roƙa mini shi ya duba kudu."

Na ce mata ba mutum ba ne, na'ura ce, kuma ba ni da hanyar yi mata magana. Ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa mai gida ba ya nan. Ta sa mini albarka, ta kuma ba ni haƙuri wai ta zo hannu wofi, ko ƙwaryar nono babu.

Da gari ya waye ɗan nata ya ce in raka shi mu ga rugar, muka hau babur. Bayan Burkusuma muka bar hanya muka shiga yashi. Gawon yana nan, amma an sare rassansa kaf an ba dabbobi. Tabkin ya tsattsage. Inda bukkoki suke, sai zagayen ƙasa mai tauri da duwatsun murhu. Turakun maruƙa na tsaye a jere, wani da guntun igiya. Ƙasusuwa sun yi fari a gindin kalgo. Ko tsuntsu ban ji ba.

Ya tsaya tsakiyar shingen da ya faɗi, ya kama kunne, ya yi kiran da suke yi wa garke da yamma, dogon kira mai lanƙwasa. Muka tsaya muna saurare mu biyu, har da ni da na san babu abin da zai amsa. Sai ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Mu tafi, rana ta yi."

Na koma jami'a na ci gaba da taruka, ana tafa mini kamar da. Amma duk lokacin da wani ya ce in nuna garinsu, sai in ce intanet ba ƙarfi. Kafin ƙarshen zango na ji malamin nan Bafillace ya bar koyarwa ya bi sawun su mahaifinsa.

Ruwa ya dawo bayan wasu daminu. Na gama karatu, na mayar da majigin, na sami aiki a Sakkwato. Mahaifiyar malamin ta rasu a Sabon Birni, labarin ya iso mini bayan an yi sadakar bakwai.

Wata rana da azahar, ina ofis, baƙuwar lamba ta kira ni. Hayaniyar kasuwa ce, da kukan shanu, sannan muryarsa, ta dushe amma ita ce.

"Malam, ni ne. Na iske yayana guda. Baffa, mahaifinmu, ya rasu a hanya, shi ya binne shi. Sauran muna nema. Ka gaya wa Inna za ni zo da..."

Layin ya yanke kafin in buɗe baki. Na kira nan take. Wani mutum ya ɗauka, da Hausar da ba irin tamu ba, ya ce wayarsa ce, wani Bafillace ya ara. Na roƙe shi ya duba mini shi. Na ji yana tafiya cikin mutane, yana kira, yana tambaya. Ya dawo ya ce mai shayi ya gan shi ya hau motar shanu, kuma motar ta riga ta tashi.