Gahawar Kawu a Hannun Dillalan Legas

Ko tsufa ya fara cin tunanina, ba na jin zan manta da zuwan kawuna Legas da gahawarsa. A lokacin ina ɗinki a Agege, shi kuwa manomi ne a tsaunin Mambila. Tun da gwamnati ta rushe hukumar da ke sayen amfanin gona, ta ce kowa ya sayar wa wanda ya ga dama, mutum ɗaya tak ke shiga ƙauyensu da mota, wani Alhaji mai haƙorin Makka. Abin da ya yanka shi ne farashi. Wai kasuwa ta sami 'yanci ke nan!

Da Kawu ya gaji, sai ya haɗa tasa da ta maƙwabta, ya biyo motar kaya har ƙofar shagona. Ya ce, "Ɗana, an ce a nan masu fitar da ita waje suke. Kai ni wurinsu, mu daina yi wa ƙato noma."

Ni kuwa ban san gahawa ba sai ta gwangwani a teburin mai shayi, don haka na nemo dillali. Ya zo da babbar riga da waya biyu, ya ɗebi 'ya'yan yana sansanawa kamar a gonar aka haife shi, alhali dillancin awaki na san shi da shi. Ya rantse shi da babban ogan masu fitar da gahawa waje a kwano ɗaya suke ci. Ashe ogan nasa wani dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12. Wannan ya miƙa mu ga wani a Apapa, wanda ya shanya mu a rana cikin hayaƙin tireloli yana ta cewa oga na hanya. Kowannensu a aljihun Kawu yake cin abinci, a aljihunsa yake hawa danfo, wato bas ɗin haya, kuma duk suka manne mana kamar kaska.

A ƙarshe suka kai mu wani sito a Ilupeju, suna ta gargaɗin mu cire takalmi, mu gaida oga da ladabi. Aka buɗe ofis. Wa za mu gani a ƙarƙashin fanka yana ɓare goro? Alhajin ƙauyensu Kawu!

Ya yi dariya har da buga cinya. "A'a, Malam! Ai da ka faɗa mini da na rage maka hanya, motata ba ta cika ba." Sannan ya tura hannu cikin buhu, ya yatsina fuska, ya ce ta sha danshin Legas, ba zai saya yadda yake saye a gida ba. Na waiwaya wajen dillalan nan, kowa ya duƙufa kan wayarsa.

Kawu ya sayar, don damina ta kama, ga shi ba mu da wurin ajiya. A tasha ya riƙe hannuna ya ce, "Tawa asarar da sauƙi. Akwai tsohuwar da ta ba ni buhunta ɗaya tilo, ita ce ban san da wane ido zan kalla ba." Ya saki hannuna ya hau mota, ta tashi.

Daga baya na ji manoman sun haɗa kai, sun fara aika mutum ya ga mai saye kafin su ɗaure buhu. Ni dai abin da na koya shi ne, kada ka ɗora gumin mutane a mota sai ka san wanda zai saya da idonka. Duk wanda ya ce maka shi ne hanyar zuwa wurin oga, to, cikinsa yake nema wa hanya.