Proshenma Yana Tafe

Tun ranar da na kai ɗiyata lakwal, wato makaranta, nake ɗauke da wani tsoro da ban faɗa wa kowa ba, ko babanta. Tsoron ranar da za ta miƙo mini takarda ta ce, "Mama, me aka rubuta nan?" Hausa ina karanta ta, a majami'a na koya cikin littafin waƙoƙi. Faransanci kuwa ban yi nisa da shi ba. Ina iya haɗa baƙaƙe su fito da sauti, amma sau da yawa ban san abin da bakina ya faɗa ba. Shekara biyu ina jiran wannan tambaya. Da ta buɗe littafinta sai in tashi in leƙa tukunya, ko da babu komai a wuta.

Kafin ka ce abin bai kai haka ba, bari in koma da kai baya kaɗan.

A hannun kakata na tashi, wadda ta haifi babana, mutuniyar Dogondoutchi. Muna zaune a unguwar Maourey cikin gidan haya, ɗakuna a jere, famfo ɗaya a tsakar gida. Sana'arta tuyar ƙosai da la'asar a bakin wani gidan kallo. Gidan kallon rumfar kwano ce kawai, da bencina, da tele ɗaya a kan dogon tebur, da labulen buhu a ƙofa. Mai shi wani dattijo ne mutumin Maraɗi, wanda da can yake yage tikiti a wani sinima. Da aka rufe siniman, abin da ya fito da shi shi ne damin wasu dogayen takardu rawaya, kowace da kalma ɗaya a jiki, baƙa, da manyan baƙaƙe.

Idan Disamba ta shigo, sanyi ya fara matso da mutane kusa da kaskon Kaka, sai dattijon ya fito da hotunan finafinan da yake jira a sabuwar shekara, waɗanda direbobi suka yi alkawarin kawo masa daga Kwatano ko Kano. Kaka ce ke dama masa talgen liƙi da ragowar gari, ni kuma in riƙe kwanon. Ya shafa da tafin hannu, ya manna hoton a katanga, sannan ya zaro takarda rawaya ɗaya ya gitta ta a ƙirjin mutumin da ke cikin hoton. Har yau idan warin talge ya haɗu da na man gyaɗa mai zafi, katangar nan nake gani.

Mutane su taru da ƙosansu a takarda. Wani ya nuna hoto ya ce, "Malam, wannan fa?" Sai dattijon ya buga tafinsa a kan mutumin ya ce, "Proshenma." Wani ya nuna na kusa da shi. "Shi ma Proshenma."

Ina da shekara shida ko bakwai lokacin. Na ce wa Kaka, "Wane ne Proshenma?"

Ba ta ɗaga kai daga kasko ba. Ta ce, "Ga shi nan kina gani. Sunanshi ke nan."

"Ai nan Ba'indiye ne da gashin baki. Nan kuma ɗan Sin ne, ko riga ba shi da ita."

"Sake fuska yake yi. Nemanshi ake."

Daga ranar labarin ya fara. A bakin Kaka, Proshenma ɗan wani ƙauye ne kusa da nasu. Rigima aka yi a kan rijiya, ya mari ɗan mai gari, ya gudu. Ya bar tsohuwarsa da akuya ɗaya, ya yi mata alkawarin zai dawo ranar sabuwar shekara. Kowace shekara yana kama hanya, kowace shekara wani abu ya tare shi, kuma abin da ya tare shi yana nan a hoton ga mai ido. Idan akwai wuta a bayansa, jirgin da ya hau ne ya ƙone. Idan mace ta jingina da kafaɗarsa, Kaka ta taɓe baki ta ce, "Wannan ce za ta ɓata mishi wata uku." Tana juya ƙosai da tsinke tana faɗa, ba gaggawa, wani lokaci ta tsaya a tsakiyar magana ta sallami mai saye, sai gobe a ci gaba. Kullum da abu ɗaya take rufewa: "Amma shina tahe."

Idan fim ya iso, dattijon yakan ɓare takardar rawaya ya rubuta lokacin kallo a allo. Na tambayi Kaka dalili. Ta ce, "Kin ga sun cire sunanshi. Ya kuɓuce musu ke nan. Wannan mai kama da shi ne."

Ita ba ta taɓa ɗaga labulen buhun nan ba, ni ma ba ta bar ni ba. Ƙarar bindiga da waƙa kawai muke ji ta cikin kwano. Ranar sabuwar shekara yaran gidanmu suna zagaya ɗakuna suna cewa bonane, wato barka da sabuwar shekara, ana ba su alewa. Ni ma ina bi, amma daga mun fito majami'a sai na fara biyawa ta katanga in ga ko ya iso.

Ina aji uku abin ya ƙare. Malaminmu, wanda muke kira mushe, yana koya mana sunayen da ake farawa da babban baƙi, ya ce kowa ya kawo sunan mutum. Ban cika ɗaga hannu ba, amma ranar har da kaɗa yatsa. Na miƙe na ce, "Proshenma."

Ya ce in sake faɗa. Na sake, na ƙara da cewa mutumin fim ne mai sake fuska. Sai ya juya ya rubuta kalmar a allo, PROCHAINEMENT, daidai yadda take a takardar rawaya, ya ce wannan ba sunan kowa ba ne. Ana nufin abu bai zo ba tukuna, sai nan gaba kaɗan. Da a nan ya tsaya, da na zauna da kunyata, kwana biyu ta wuce. Amma yana murmushi ya ce, "Wa ya gaya miki haka?"

Na ce, "Kakata."

Ba mugun mutum ba ne. Ina jin ko awa ɗaya bai ƙara tunawa da maganar ba. Sai dai rabin ajin ƴan unguwarmu ne. Da la'asar suka zo bakin kasko suna cewa, "Madam Proshenma, a ba mu ƙosai." Ta zuba musu, har da gyara, kamar kullum. Sunan ya bi ta har manya suka ɗauka, wasu ba su ma san mafarinsa ba.

Washegari da safe na same ta tana wanke wake, tana murza shi ɓawon yana tasowa saman ruwa. Na ce, "Ƙarya kika yi mini."

Ta ce, "Mi mushen naku ya ce?"

"Ya ce ba mutum ba ne. Wai ana nufin abin bai zo ba, yana tafe."

Ta tsiyaye ruwan a hankali. Ta ce, "To ni mi na ce miki?"

Da Disamba ta zagayo ta dama talge, na riƙe kwano, dattijon ya manna hotunansa. Ban tambaya ba, ita ma ba ta ƙara ɗauko labarin ba. Shekara mai bi na bar lakwal, ba don wannan ba, ko dai ba don wannan kaɗai ba. Har ta rasu ban tambaye ta ko ta san ma'anar kalmar tun farko ba. Katangar yanzu shagon sayar da wayoyi ne.

A Disambar nan da muke ciki, wata Asabar da rana, baban ɗiyata ya dawo daga tafiya, direban motar fasinja ne, ya kwanta. Ɗiyata ta ɗauki wayarsa. Tun farkon wata take lissafa mini finafinan yara da za su fito a sabuwar shekara, wanda ƴan ajinsu suka ce na zaki ne, da wanda suka ce na wata yarinya ce cikin teku. Ina tsintar shinkafa ta zo ta tsaya a kaina, ta kunna tallar ɗaya. Da ta ƙare, rubutu ya fito fari a kan baƙi.

Ta ce, "Mama, me aka rubuta nan?"

Na duba. Cikin duk kalmomin Faransanci, ta jikin takardar rawaya ce ta zo.

Na ce, "Proshenma. Yana tafe ke nan. Bai fito ba tukuna."

"Na ƙasan fa?"

Layi biyu ne ƙanana. Na haɗa baƙaƙen a zuci, ba su ba ni komai ba. Na ji bakina yana shirin ƙirƙiro wani abu, kuma na san za ta yarda. Na ce, "Ban sani ba. Ban yi nisa a lakwal ba. In babanki ya tashi ki tambaye shi."

Ta ce, "To," ta juya. Abin da na yi shekara biyu ina tsoro ke nan.

Na ci gaba da tsintar shinkafa, ina kallon bayanta. Gaskiya na faɗa mata, kuma ta tafi hannu wofi. Sai na kira ta, na ce ta zauna in ba ta labarin wani mutum da kakata ta sani. Na faɗa mata rijiyar, da akuyar, da jirgin da ya ƙone. Na faɗa mata sunansa.

Ta ce, "Amma ai ba mutum ba ne. Yanzu kika ce."

"Ba mutum ba ne."

"Kakar taki ba ta sani ba?"

"Ban sani ba ko ta sani."

Ta ɗan yi wasa da ƙwayar shinkafa a faranti. Can ta ce, "To da jirgin ya ƙone, ta ina ya fita?"

Yanzu abu biyu take jira a sabuwar shekara, fim ɗin zaki da Proshenma. Na gaya mata labarin na cikin gida ne, amma yarinya ce, kuma tana son ɗaga hannu a aji.

Saboda haka ga roƙona, musamman in kai malami ne, ko ke malama ce. Idan yaro ya miƙe ya faɗi wani abu na kuskure da ya ɗauko daga gida, ka gyara masa, aikinka ne. Amma kada ka tambaye shi a gaban mutane wa ya gaya masa.